Romon Da Na Ɓoye a Miyar Alhamis

Salamu alaikum. Wata huɗu ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu cewa na samu duniya na manta da ku, wallahi ba duniya na samu ba, lahira na leƙa.

Ni kuku ne a unguwar Ulaya, nan ƙasa mai tsarki, a gidan wasu tsofaffi mata da miji 'yan Siwidin. Madam ba ta cin nama, ba ƙwai, ba madara. Ita ta koya min girkinsu: wainar dankali da ake ci da wani jan jam mai tsami, da curin dankali da ake cusa wa albasa da laimar kwaɗi. Ran Alhamis kuma dole miyar busasshen wake rawaya, da wani ɗan yaji da suke kira mastad a gefe. Ta ce a ƙasarsu da alade ake yi, ita ta cire shi, ba ta sa komai a madadinsa ba.

To ni ɗan mahauta ne. Miya ba romo? Haba! Bayan Babbar Sallah ina da ƙasusuwan rago a firizar ɗakin da muke haya ni da abokaina a unguwar Manfuha. Sai na riƙa dafa romonsu ina zuwa da shi a gora, ina tsiyayawa a tukunya. Madam ta ce ban taɓa yin miya mai daɗi haka ba. Na yi murmushi kawai.

Wata Alhamis na sha miyar da azahar. Bayan la'asar tafin hannuna ya fara ƙaiƙayi, jikina ya yi ruɗu-ruɗu. Na ce borin jini ne, na sha magani.

Alhamis ta zagayo, sai leɓena ya kumbura, cikina ya murɗa. Madam da kanta ta kai ni asibiti.

Likitar, wata Basudaniya, ta tambaye ni abin da na ci. Madam ta riga ni: "Miyar wake ce kawai. Nama bai taɓa shiga kicin ɗina ba."

Likita ta dube ni. "Haka ne, ya Sabi'u?"

Na tuna iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, tana hannun mutanen nan. Na ce, "Haka ne."

Aka ɗebi jini. Aka tsattsaga min hannu ana ɗiga ruwan wake, na alkama, na mastad. Duk lafiya lau. Inshora ta biya wasu, gwaji biyu daga aljihuna suka fito. Ni kuma ban zargi romon ba, don tun ina yaye nake cin rago. Sauran ranaku kaza nake ci a waje, ba abin da ke samuna.

Na ma fara zargin sammu. Na kira matata Hadiza a Katsina, ta ce, "Baban Ummi, ka dawo gida haka nan. Ba na son a kira ni a ce an binne ka a can."

Alhamis ta uku na sake zuba romon. Ku zage ni, na cancanta.

Wajen ƙarfe biyar ina wanke tukunya na ji harshena ya cika min baki. Na ja numfashi, sai wani fito yake fita, iska ba ta wucewa. Na so in yi kalmar shahada, ta ƙi fita. Abin da na iya kawai shi ne na ture tukwane ƙasa don a ji ni.

A motar asibiti aka caka min allura a cinya. Kwana biyu na yi da robar iska a hanci.

Da na dawo hayyacina likita ta tsaya a kaina, ba wasa a fuskarta. Ta ce, "Kowane karo ya fi na baya muni, kuma ban san me nake nema ba. Na huɗu ba lallai ka iso nan ba."

Madam na zaune a kujera, idonta ya yi ja. Ta ce ita ta jawo, abincinta ne yake kashe ni, ta zubar da waken gaba ɗaya.

Nan kunya ta fi ƙarfin tsoro. Na ce, "Madam, ki yafe ni. Akwai romon rago a miyar. Wata biyu ke nan ina sawa."

Madam ta zuba min ido. Likita ce ta fara magana: "Kaska ta taɓa cizonka?"

Ta cije ni mana. A kasuwar raguna, ana jibi Sallah, na cire ta a bayan gwiwa na yar.

Gwaji ɗaya ya nuna komai. Cizon kaskar ya sa jinina ya ƙi naman duk dabba mai shayarwa: rago, sa, akuya, raƙumi. Kuma ba nan take yake tashi ba, sai bayan awa uku ko huɗu, shi ya sa ba ka gane mai laifin.

Madam ta yi mako guda ba ta ci abin da na dafa ba. Sannan ta shigo kicin ta ce, "Ba zan kore ka ba. Amma na yarda da kai, ka ci amanata." Gara ma ta mare ni.

Yanzu na warware, alhamdu lillahi. Miyar wakensu nake sha yadda take, da albasa da ganyen ƙamshi, kuma tana riƙe ciki. Allurar gaggawa, irin wadda aka caka min a cinya, tana aljihuna ko masallaci zan je.

Na gode wa Allah, na gode wa likitar nan, da Madam, da 'yan ɗakinmu da suka yi ta zirga-zirga. Hadiza, Allah Ya bar mu tare.

Shawarata: kada ka ɓoye wa likita ko ƙwayar gishiri, ko da maigidanka na tsaye. Wanda ya ce ba ya cin abu, kada ka sa masa a ɓoye. In kaska ta cije ka, riƙe ranar. In ƙaiƙayi ya haɗu da kumburin baki, a tafi asibiti a lokacin.

Ku sa ni a addu'a. Wata mai zuwa zan je gida hutu. Jiya Inna ta kira tana murna, ta ce ta ɗaure min rago tun bara, ita da kanta za ta yi min farfesu. Har yanzu ban san da wane baki zan ce mata loma ɗaya za ta iya kashe ni ba.