Ni na hana a fitar da ƙanwata daga fili

Har yau duk unguwarmu an ɗauka malamar wasanni ce ta lalata kafaɗar ƙanwata. Ba ita ba ce. Ni ce.

Shekarun baya, na gama sakandare ina zaman jiran sakamako a Gusau, ba ni da aikin yi sai bin ƙanwata filin ƙwallon hannu. Shekararta goma sha uku lokacin, kuma ita ke ci wa makarantarsu ƙwallaye. In ta saki ƙwallo, mai tsaron raga har runtse ido take yi. Ni kuwa ban taɓa yin wasan ba, amma a bakin fili na fi kowa iyawa.

Ranar da abin ya faru, an kai su Bungudu gasa. Tun da hantsi sun yi wasa biyu, na ukun da wata makarantar Tsafe ne, wanda ya ci shi ke tafiya da kofi. Aka je hutun rabin lokaci ana kunnen doki, sai malamar ta ce za ta zaunar da ƙanwata. Na ce a kan me? Ta ce ta ga ɗankwalin yarinyar ya zame, ta kasa ɗaga hannun dama ta gyara, sai wata ce ta ɗaura mata. Ta ce ita ba ta tambayar yaran nan ko suna jin ciwo, domin an horar da su kada su yi raki gaban manya. Abin da hannun ke yi take kallo.

Ban tsaya ta gama ba. Na juya na tambayi ƙanwata ya hannun. Ta sunkuyar da kai ta ce da sauƙi. To me za ta ce wa yayarta a gaban jama'a?

"Kin ji da kunnenki, Malama. Cikinmu ɗaya, na fi ki saninta. Ki bar ta ta ƙarasa."

Na ƙara da maganganun da nake kunyar maimaitawa, har da cewa ita ba 'yar garinmu ba ce, shi ya sa ba ta damu a ci mu ba. Ta dube ni, ta dubi shugaban makaranta, shi kuwa ya kau da kai. Ta ce to.

Ba a daɗe da komawa ba ƙanwata ta ɗaga hannu za ta jefa, kafaɗar ta goce. Ko ƙara ba ta yi ba, durƙushewa kawai ta yi. Aka kai ta wurin mai ɗori, daga baya asibiti. Har yanzu ba ta iya ɗora bokiti a ka, ba ta daka.

A gida Inna ta tambaya wa ya bar mata ɗiya cikin fili da ciwo. Ƙanwata ta yi shiru. Ni ma na yi shiru, ni da bakina ba ya rufuwa. Iyaye suka yi cincirindo a makaranta, aka rushe ƙungiyar 'yan mata, malamar ta nemi canjin wurin aiki. Ba ta ambaci sunana ga kowa ba.

Abin da na gane a makare shi ne, wanda idonsa ke kan kofi ba shi ya kamata a tambaya ko a fitar da yaro ba. Ƙanwata ba ta taɓa yi mini gori ba. In Inna ta fara zagin malamar, tashi kawai take yi ta bar ɗakin, kuma wannan ya fi gori zafi.

Makon jiya na ji malamar tana koyarwa a wajen Kwatarkwashi. Ranar Asabar zan shiga mota in same ta. Amma yau, da zarar Inna ta idar da la'asar, zan zauna gabanta in faɗa mata.