Dishewar da na ɗauka ta gajiyar waƙa ce

Salama gare ku, 'yan'uwa. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Masu tambaya me ya sa ba a ganina a bidiyon Zumuntar Mata na cocinmu, yau zan ba ku amsa.

Waɗanda suka san ni a ƙauyenmu na wajen Tudun Wada sun san ni ce mai ba da waƙa, mata su amsa. Tun ina budurwa aikina ke nan.

Bayan Kirsimetin bara waccan muryata ta dishe. Ban damu ba. A wurinmu masu ba da waƙa, dishewa bayan biki abin alfahari ce, alamar mace ta yi wa Ubangiji aiki. Na dafa citta da kanumfari, na zuba zuma, na ci gaba.

Ista ta zo, murya ba ta dawo ba. Sai wani ɗan kumburi ya fito a wuyana. Na riƙa naɗa gyale in rufe shi, don kada a ce in huta a ba wata.

Maƙwabciyata Hajiya Binta ce ta fara magana. Muna sussukar masara ta kalle ni ta ce, "Maman Bitrus, wannan gyalen da zafin nan? Buɗe in gani." Da ta gani ta ce, "Wallahi ko ki gaya wa maigidanki, ko ni in gaya masa."

Na gaya masa, ya kai ni asibitin Tudun Wada, daga nan aka tura mu Kano. Gwajin jini, hoton wuya, sannan allurar da aka tsotso wani abu daga kumburin da ita. Masararmu da awakina duk suka tafi a kuɗin asibiti. Na ji tsoro ƙwarai, na daina cin abinci.

Likita ya ce ƙari ne, kuma ya riga ya kama jijiyar murya. Na tambaye shi ko zan sake waƙa. Ya ce, "Mama, ranki muke nema tukuna. Da kin zo tun farkon dishewar, da wata magana muke yi."

Har yau maganar nan tana ci mini rai.

An yi aiki, an cire, na warke. Ina shan ƙwaya kullum da safe. Amma muryata raɗa ce yanzu, sai ka matso kake ji.

Da na dawo gida na ƙi zuwa sujada. Na yi fushi, har da Allah. Matan zumunta suka zo gaisuwa cikin ankonsu kamar yadda muke yi wa kowace marar lafiya, na shige ɗaki. Shugabarmu, tsohuwa Mama Saratu, ta biyo ni da tulun kiɗa ta ɗora mini a cinya.

"Rifkatu, wuya aka yanka miki, ba hannu ba," in ji ta. "Buga mana."

Na buga don kunyarta. Wata ta ba da waƙa, sauran suka amsa. A ranar na fara jin amshi sosai. Duk shekarun nan ina tunanin baitin gaba ne, ban taɓa sauraron abin da suke mayar mini ba, cewa Yesu yana tare da mu. Na yi kuka, kuma na ji daɗin da ban taɓa ji a gaban taro ba. Daɗin nan bai bar ni ba har yanzu, ko a ranakun da nake kewar muryata, kuma suna da yawa.

Na gode wa Ubangiji, da maigidana, da Hajiya Binta, da zumunta.

Masu waƙa, ina roƙonku: dishewar da ta ƙi tafiya, ko kumburi a wuya, ku je asibiti. Citta ba ta ganin abin da ke ciki.

Ran Lahadi ina layin baya da tuluna. In kun ga bakina yana motsi ba ku ji komai ba, waƙa nake yi.