Katangar da Gomaram Ya Mayar Baya

Gomaram magini ne, ɗan magini. A garinmu, can cikin yashin Barmer, da wuya ka jingina da bangon da hannunsa bai taɓa ba. Bai yi makaranta ba, amma Bastu, ƙa'idar tsara gida da kakanni suka bari, a kansa take zaune daram. Kafin ya ɗora dutse ɗaya sai ya tsaya a filin da sassafe ya ga inda rana ke ɓullowa. Randa da wurin ibada arewa maso gabas, murhu kudu maso gabas. Tsakar gida kuwa kusurwa huɗu cif, ba a gutsure mata ko ɗaya.

Abin da ya fi tsana shi ne ya tarar da ƙyarana, itaciyar nan mai ƙaya da ake shinge da ita, a cikin gida. Sai ya ajiye kayan aikinsa ya ce wa masu gidan, "Ku fitar da ita bayan katanga, can za ta yi muku gadi. In kuka bar ta a ciki da wannan ƙaya da farin ruwan nata, ba za ku ƙara cin abinci cikin daɗin rai ba." Gidaje da yawa sun sare tasu a kan maganarsa.

Matarsa Sugna ta zo gidansa a shekarar babban fari, da akwatin ƙarfe ɗaya da reshen ƙyarana naɗe a tsumma. Daga shingen gonar mahaifinta ta karyo shi. A shekarar ne rijiyar ƙauyensu ta ƙafe, mutane suka watse, yashi ya bi bayansu ya rufe ƙofofi. Gomaram ya ce reshen ba zai kwana masa a gida ba. Sugna ba ta yi musu ba. Ta fita bayan katangar yamma, ta auna kamu biyu, ta dasa. Kullum da la'asar takan ɗauki ruwan da ta ɗauraye kwanuka ta zagaya ta zuba masa. Reshe ya yi rassa, ya wuce tsayin mutum. In sanyi ya kusa tafiya sai ya fitar da 'yan furanni ja, ƙanana kamar ɗigon jini a kan yatsa.

Da ɗansu Hukma ya tashi aure, gida ya yi kaɗan. Gomaram ya shirya tura katangar yamma kamu huɗu waje, ya gina wa kansa ɗan ɗaki a jikinta, ya bar wa yara babban. Ranar da ya zo da gatari, sai ya tarar da Sugna zaune a gindin ƙyaranar tana tsince gero.

Ya ce, "Uwar Hukma, matsa."

Ta ce, "Ga wuri can, sari abinka. Ni dai nan nake tsintar gerona."

"Kin san za ta faɗo cikin gida ko?"

"Ita ta shigo, ko kai ka je ka same ta? Shekara ashirin da shida tana nan ba ta taka ƙofar kowa ba."

Ya tsaya da gatari a kafaɗa har rana ta yi zafi. Daga baya ya ce to, bayan biki. Ya gina katanga, ƙyarana ta zama 'yar cikin gida. Biki ya wuce, damina ta wuce, kullum sai ya ce bayan kaza. A sanyi na biyu tari ya kama Sugna, bai sake ta ba har ta rasu. Suka ƙona gawarta bisa al'adarmu, suka kai tokarta kogi suka dawo. Gomaram ya shigo tsakar gida, ya ga ƙyarana ta yi fure, ya zauna a ƙasa.

Ba a jima ba gidan ya fara ɗaci. Hukma direban babbar mota ne, sai ya yi kwana goma a hanya, in ya dawo kuma da shi da matarsa Jamna kamar an haɗa wuta da busasshiyar ciyawa. Yau gishiri ya yi yawa, gobe an ƙi gaishe da yayanta. Gomaram yana ɗan ɗakinsa yana jin ƙarar kwanuka, yana kallon rufi.

Bhikha wanzami, abokinsa tun suna yara, shi ya fara faɗa masa a fuska. Ya shafa masa kumfa, ya ɗora aska a maƙogwaronsa, sannan ya ce, "Sarkin magina, ka tuna tawa da ka sa na sare? Ko gwiwa ba ta kai ba. Taka kuwa har tsuntsu na sheƙa a kai. Ko ƙayar gidanku ta auduga ce?"

Gomaram ya ce, "Yi askinka, tsohon banza."

"Askin nake. Amma har shagon nan ake jin muryar surukarka."

Jamna ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba. In yana wuri takan ja mayafi har haɓa, abin da za ta faɗa masa kuma ta faɗa wa randa. Wata safiya yana shan shayi ta tsaya a gaban randar ta ce, "Ke randa, a gidan ubana ma an sare ƙyarana, kuma Baba ne ya sa. Ina jin tsoro. Ina da ciki wata uku, ba na so a haifi yaro cikin wannan masifar."

Shayin ya huce a hannunsa. Ba gardama take yi ba, maganarsa ce ta dawo masa da ita. Shi ma kuwa bai daina yarda da maganar ba.

Da yamma Hukma ya zo ya tsuguna. "Baba, ran Asabar zan sare ta kafin in tafi. Ka karyi reshe ka dasa a waje, ai kamawa zai yi."

"Reshe ai ko'ina akwai, Hukma. Wannan gindin ne uwarka ta zuba wa ruwa."

"To Baba, ya za mu yi? Kai ka koya wa gari."

Washegari Gomaram ya ɗauko igiyar awonsa da ya rataye shekara uku. Da farko ya yi tunanin ya lanƙwasa katangar ta kewaye ƙyaranar, ta bar ta a waje. Ya ja layi a ƙasa, ya tsaya yana kallo, sai ya goge da ƙafa. Hakan gutsure kusurwar gida ne, kuma da ya bar wa jikansa gida mai gutsurarriyar kusurwa gara ya bar masa ƙayar. Hanya ɗaya ta rage: katangar yamma gaba ɗayanta ta koma inda take tun farko, miƙe sak. Ɗakinsa kuwa a jikinta yake.

Hukma ya ce, "Baba, ɗakinka fa? Saboda itace?"

"Zaure ya ishe ni. Miƙo min guduma."

Yana da shekara saba'in da ɗaya ya rushe ɗakin da ya gina wa tsufansa. Dutse ɗaya ɗaya yake cirewa, ya kankare, ya jera. Hukma ya taya shi kwana biyu mota ta kira shi. Bhikha kan zo ya zauna a inuwa yana cewa, "Jama'a ku zo ku ga mutumin da ya kori gidansa daga wurin itace!" Amma in ya gama tsiyar sai ya tashi ya kama ɗauko dutse. A rana ta huɗu Gomaram ya juya neman ruwan kwaɓi, ya ga bokiti cike a gefensa, Jamna tana komawa da mayafi a fuska. Ya ce wa bokitin, "A gaya mata kar ta ƙara ɗaukar nauyi." Daga ranar sai ta riƙa kawo rabi rabi.

Kwana goma sha tara aikin ya ci. Da ya ɗora dutsen ƙarshe ya ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, ya ga sun yi daidai, ya naɗe igiyar, bai ƙara kwance ta ba. Ƙyarana tana inda Sugna ta dasa ta, kamu biyu bayan katanga, ko ƙaya ɗaya ba ta rasa ba.

Faɗan bai ɗauke ɗif ba, ana dai jin sa jefi jefi kamar na kowane gida. Aka haifi 'ya mace. Gomaram yakan kwana a zaure, da hantsi ya ja gadonsa na igiya ya zagaya bayan katanga. Ƙyarana ba ta da wata inuwar kirki, 'yan sirara ne kamar yatsu, amma a cikinsu yake wuni. Shekara huɗu ya yi a haka.

Ranar da ƙafafunsa suka fara ƙin ɗaukarsa, yana kwance a wurin da la'asar, ga kwanon ruwan ɗauraya da ya saba zuba wa ƙyaranar tun rasuwar Sugna ya gagare shi. Jamna ta zagayo da 'yarta a kunkumi. Ta ɗauki kwanon ta zuba a gindin, a hankali, yadda ƙasa za ta sha. Sannan ta fuskanci ƙyaranar, mayafi har haɓa, ta ce, "Ki gaya wa Baba ya kwantar da hankalinsa. Na ga yadda ake yi."