Kifin da Ummu Abanub Ta Bari Baki Buɗe

Na kai wa gwaggona shayi cocin ƙauyenmu ke nan wayata ta yi ƙara. Aka ce jirgin ruwan da ya taso daga Libiya ya kife, an tsamo wasu, sauran shiru. Abanub, ɗan gwaggona, yana ciki. Tare muka gama jami'a bara, tare muka sha yawon neman aiki har ya gaji ya tafi. 

Gwaggo Demyana ta sauko daga tsani, ta ji labarin, ta wanke buroshinta, ta sake hawa.

Ita ce mai zanen coci a yankinmu. Wajen kakana ta gaji sana'ar, har yau da gwaiduwar ƙwai take kwaɓa launi. Bangon yamma take zanawa, Ranar Dainuna, wato ranar hisabi: Mala'ika Mika'ilu riƙe da ma'auni, can ƙasa kuma teku, kifaye na amayo mutanen da suka haɗiye. Fuskokin mamatan ƙauyenmu take sa wa mutanen, kamar yadda kakana yake yi.

Kifi ɗaya ta bari baki buɗe, ba kowa a ciki.

Abuna Filobatir, limamin cocin, ya tsaya ƙarƙashin tsanin. "Ummu Abanub, wannan kifin naki azumi yake?"

"Ya fi ka riƙe shi, Abuna."

Ya yi dariya kaɗan, sannan ya sassauta murya. "Ki sauko ki huta, 'yata. Mata na ta magana, wai ɗanki na ruwa ke kina zanen azaba."

"Su da sun ji dainuna sai wuta ta faɗo musu a rai. Ba ranar ce za a tsayar da teku a ce ya fito da abin da ya ci ba? Ni ƙararsa nake kaiwa."

Abuna ya ce, "Haka yake a rubuce," ya riƙe mata tsanin.

Da ya fita na ce, "Gwaggo, to in kuma..."

"Rufe min baki. Wa ya nuna miki gawarsa? Matattu nake sawa a nan. Miƙo min shuɗin can."

Bangon ya kammalu, ban da bakin kifin. An ce akwai waɗanda ake tsare da su a wani gari na bakin teku, ba a san ko su wa ba ne. Babana ya tafi Alƙahira tambaya. Bai kira ba tukuna.