Mai Duba Ƙashi a Rana

Jama'a, ku dubi mutumin nan! Ga shi can bakin asibiti da tsohuwar kwat, yana ɗingishi, shi ba likita ba, shi ba mai ɗori ba. Ya karɓi hoton ƙafar ƙanwata Rahab daga hannun Inna, ya ɗaga wa rana, yana girgiza kai: "Baiwar Allah, yanke ta za su yi. Gudu da ita gida." A juye ma yake riƙe da hoton, amma Inna har ta fara ɗaure kaya tana kuka. Ina jin tasa ƙafar aka taɓa ɓatawa, yake hucewa kan 'ya'yan mutane. Sai malamin asibiti ya leƙo ya ce likitan Funtuwa da aka tura wa hoton ya bugo waya. Tsagewa ce kawai, Rahab za ta taka.