Madam Hamamatu da Babbar Kujera

Kullum kafin masu koko su sauke tukunyar farko a Moshi Zango, Madam Hamamatu ta riga ta share ajinta, ta jawo kujeru biyu ta ajiye suna fuskantar juna, ɗaya babba mai hannuwa, ɗaya 'yar ƙarama. Haka take yi shekara da shekaru, kuma bana za ta ajiye aiki.

Aikinta shi ne shirya yara domin jarrabawar magana da Turanci, wadda ake zaunar da yaro gaban baƙo, a nuna masa hoto ya faɗi abin da ya gani, sannan a nemi ra'ayinsa. Yaranmu ba Turancin ne ya gagare su ba. Yaron da ke ciniki da Hausa, ya yi faɗa da yaren Twi, ina harshe zai ba shi tsoro? Tarbiyya ce ke kayar da su. An rene su a kan ba a kallon babba cikin ido, ba a ɗaga masa murya, ba a musa masa. Sai su shiga ɗakin jarrabawa su sunkuyar da kai, su amsa can ƙasan maƙoshi, baƙon kuma ya ɗauka ba su san komai ba.

Da Hamamatu ta gane haka, sai ta daina zama babbar kujerar da kanta, don yara sun saba da ita. Ta koma aron dattawan unguwa. Alhaji Brimah mai kayan gyaran mota a Suame, wanda Turancinsa bai wuce sunayen ƙarafa ba, ya fi kowa zama kujerar. Har yau yana dariya in ya tuna yadda yake murtuke fuska yana gyaɗa kai, alhali rabin maganar ta wuce shi.

Ba kowa ne abin ya yi wa daɗi ba. Malam Kamaluddin mai makarantar Alƙur'ani ya cire 'yarsa Mubarika daga ajin ranar da ya ji ta dubi Alhaji Brimah ta ce ba ta yarda da ra'ayinsa ba. Mubarika kuwa ta ci jarrabawar rubutu bara, shiru ya kayar da ita a magana, kuma gurbin da wata makarantar sakandare ta riƙe mata bana kaɗai zai jira ta.

Hamamatu ba ta aiki kowa ba. Ta yafa mayafi ta je zauren Malam, ta durƙusa ta gaishe shi kai a ƙasa. Ya ce tana koya wa 'ya'yan mutane rashin kunya. Ba ta musa ba. Tambayarsa kawai ta yi, in ɗalibinsa ya zo ba da hadda yana ƙunƙuni, yakan ce ya wuce? Ya ce a'a, sai ya ɗaga murya. Sai ta roƙe shi ya zo ya zauna kujerar da kansa, in ya ga rashin kunya, daga ranar ta daina.

Ya zo ranar Alhamis, da ba ya da karatu. Mubarika na shiga ta ga mahaifinta, ta sunkuyar da kai. Hoton kasuwa na hannunta, idonta na kan siminti. Hamamatu ta ji tsoro sosai, don ta san aikinta duka ta ɗora a kan wannan zama.

Can Malam ya yi gyaran murya. "Mubarika, ɗago kanki. Ni na ba ki izini."

Ta ɗago. Ta fara a hankali, sannan magana ta kama hanya, har da nuna hoton da yatsa. Da ta gama, Malam ya juya wajen Hamamatu.

"Madam, ko kalma ɗaya ban ji ba," in ji shi. "Amma ashe ban san muryar 'yata ba sai yau."

Ranar jarrabawa shi ya raka ta a mota har Atonsu, inda ake yin jarrabawar. Da sakamako ya fito, a durƙushe ta faɗa masa ta ci, kai a ƙasa kamar kullum.

Ke ce, Hamamatu, kika nuna mana yaro zai ɗaga kai inda ya dace ba tare da ya zubar da ladabin gidansu ba. Uwar masu magana, mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa ki huta lafiya.

Malamai matasa, ku ɗauki wannan aiki daga inda ta ajiye. Dattawan Zango kuma, kujerar na nan tana jiran mai zama. Sai dai ku nemi wata rana, don Alhamis Malam Kamaluddin ya riga ya kama.