Zangon da Alhaji Sabo Ya Yi a Bayan Labule

Ban taɓa mantawa da Asabar ɗin da muka buɗe zangon karatu na ƙarshe ba, a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Jigawa. Ku da kuka zo bayanmu kun tarar da gini da fanka, kuna tsammanin haka abin ya faro. To, ku gyara zama. Ni Iya Hansai ban taɓa shiga aji da sunan karatu ba, amma ajin da na share ya fi wanda wasunku suka zauna a ciki.

Bari in fara da yadda wurin yake. Bayan an ƙirƙiro jiha, aka kwaso ma'aikata daga Kano aka zube su a Dutse, kowa yana neman ƙarin girma. Sai wata jami'a ta buɗe cibiya a wata makarantar sakandare da aka aro can wajen Yalwawa, Asabar da Lahadi, ana koyar da sarrafa kasuwanci ga waɗanda suka riga suka yi digiri ko makamancinsa. Malamai daga Kano suke zuwa su koma. Ɗaliban kuwa ba yara ba ne: daraktoci, ma'ajin ƙananan hukumomi, manajoji, masu tumbi da furfura. Aikina shara, goge allo, dafa shayi da jera kujeru. Kada ku raina jera kujeru. Darakta ba ya zama a bayan mataimakinsa, kuma kujerun na 'yan sakandare ne masu haɗe da tebur. Na sha ganin babban mutum ya shiga kujera da bismilla, sai da aka ja shi ya fito.

A cikinsu akwai Alhaji Sabo, mutumin Miga, mataimakin darakta a wata ma'aikata. Mataimaki shi ne wanda yake yin aikin, darakta ya sa hannu. Alhaji ya tsufa a wannan matakin, har yaran da ya koya wa aiki suka haye kansa saboda suna da takardar da ba shi da ita. An gaya masa in bai samo ta ba, haka zai yi ritaya, ritayar kuma ta ƙarato. Ga raɗe-raɗin za a rufe irin cibiyoyin nan, ka ga babu maganar a bari sai baɗi. Ya haye duk zangunan baya da kyar, saura wannan kaɗai.

Kuma iyalinsa ba su san yana karatu ba. Ce musu ya yi aiki ne yake riƙe shi a Dutse. Ya taɓa ce min, "Iya, da furfurata a ce ina zuwa makaranta? Jikokina su tare ni a zaure suna tambaya na nawa na zo?"

A ranar buɗe zango aka ce malamin lissafin kuɗi ba shi da lafiya, an turo sabo. Ya sauko daga mota, siririn yaro, kaftani ya sha sitaci, takalmi yana ƙyalli, littattafai a hammata. Malam Nasiru sunansa. Ya gaishe ni da ladabi, ya nemi alli, na bi shi da tsumman goge allo. Ya yi sallama kansa a ƙasa, ya wuce allo ya rubuta sunan darasi, sannan ya juyo.

Alhaji Sabo yana layin gaba, daidai hancinsa.

Allin ya faɗi. Kafin in sunkuya in ɗauka, Malam ya tuɓe takalma ya zube ƙasa.

"Baba, ina kwana. An tashi lafiya? Ya mutanen gida?"

Alhaji ya juya fuska bango, ya turo hula har gira. "Lafiya. Lafiya lau."

Waɗansu daga baya suka miƙe tsaye, sun zaci wani babba ne ya shigo. Sai Hajiya Rabi, manajar wata ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi daga Ringim, wadda babu auren da aka ɗaura a ƙasar nan ba da saninta ba, ta ce a fili, "Ku zauna. Mijin Binta ne, autar Alhaji. Bara aka yi bikin, ni na kai gara."

Kun dai san yadda yake tsakanin mutum da uban matarsa a wajenmu. Ba ka tsayawa a kansa yana zaune, ba ka kiran sunansa, ba ka haɗa ido da shi, ba ka ci a gabansa. To, aikin malami kuma mene ne, in ba tsayawa a kan mutum, da kiran sunansa, da gaya masa bai gane ba?

Yaron nan ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Daga tsugunne ya ja jiki zuwa allo ya fara rubutu a can ƙasa, inda nake tara ƙurar alli. Wani daga baya ya ce, "Malam, ba ma gani." Ya ɗan ɗago, idonsa ya faɗa kan hular Alhaji, ya koma ya durƙusa. Da Alhaji ya ga haka, ya yi kokawa da kujerarsa har ta sake shi, ya fita ta ƙofar gaba. Malam ya kwashi takalma a hannu ya fita ta ƙofar baya. Darasin ranar ke nan.

Shugaban cibiyar, wanda muke kira Dakta, yana da ofis a wani ɗan ɗaki kusa da murhuna. Ni na kai shayi, don haka na ji komai. Malam Nasiru ne ya fara shiga.

"Ranka ya daɗe, a canja ni."

"Da wa? Kai ɗin ma da roƙo aka samo ka. Malam, nan wurin ilimi ne. Al'ada a ƙofa ake ajiye ta."

Na ce a raina, kai da ranar da surukarka ta zo nemanka ka bar shayinka da zafi ka ɓuya a masallaci.

Sai da Malam ya yi nisa Alhaji ya shigo.

"Dakta, ni zan bari. Yaro ne, yanzu ya fara aiki. Ba zan tsaya masa a hanya ba."

"Alhaji, darasin nan dole ne. In babu shi, babu takarda."

"Na sani."

"Duk wahalar da ka sha fa?"

"Na ce na sani."

Ya fita yana jan ƙafa. Wallahi har raina na ji, don mutumin nan ya sha zama a bencina yana haddar abin da bai shiga kansa ba, gumi yana zuba a cikin shayi.

Asabar ta zagayo, sai ga wani sabon zance. Dakta ya ce tunda an shiga shari'a, za a raba maza da mata a aji. Aka kawo tela da koren yadi, aka ja waya daga bangon baya har kusa da allo, maza dama, mata hagu, kowa yana ganin malami amma ba sa ganin juna. Ana cikin wannan aikin Alhaji ya zo mayar da littattafan da ya aro, ya zauna a bencina ya yi tagumi. Hajiya Rabi ta fito tana huci.

"Iya, kin ga wannan aiki? Ni da na aurar da 'ya'ya, yau ni ake ɓoye wa wancan mai sanƙon da muka yi firamare tare yana jan majina." Sai ta hango Alhaji. "Ga mai neman ɓuya an bar shi a fili, mu da ba mu nema ba an lulluɓe mu. Alhaji, taso mu sa maka lalle mu kai ka ɗaki."

Da wasa ta faɗa. Amma Alhaji bai yi dariya ba. Ya ajiye kofi a hankali ya dube ni.

"Iya, yadin nan ya yi saura?"

Ya yi saura kuwa. Da aka kai wa Dakta zancen a yi wa Alhaji labule a aji, ya ce bai taɓa jin irin wannan ba a duk makarantun da ya yi. Alhaji, wanda ya tsufa yana karanta dokokin aiki, ya ce, "Dakta, ƙa'idarku cewa ta yi ɗalibi ya kasance a cikin aji. A ina ta ce sai an gan shi?" Dakta ya ce shi dai bai ga komai ba.

Ni da tela muka zagaye lungun baya na ɓangaren maza da yadi, muka sa kujera ɗaya a ciki, wadda ba ta da tebur don kada mu rasa yadda za mu fito da shi. Na sa reza na tsaga 'yar ƙofa daidai idonsa don ya ga allo. Daga ranar matan suka sa masa suna Amarya, a bayan idonsa, wani lokacin ma a gaban labulensa.

Tsarin shi ne Alhaji ya riga kowa zuwa ya shige, kuma ba ya fitowa sai na leƙa na ce motar Kano ta tashi. Shayinsa ta ƙarƙashin labule nake tura masa. A darasin farko Malam ya miƙe tsaye, ya fara magana tiryan-tiryan, har na ce an gama. Can sai na ji ya fara in'ina. Na bi idonsa, ashe ƙafafun Alhaji ne suka leƙo ta ƙasa. Na je na sassauta wayar, yadin ya taɓa ƙasa, magana ta dawo. Takalmi dai Malam bai ƙara shiga aji da shi ba har zangon ya ƙare. A bakin ƙofa yake tuɓewa, ni nake kawar masa daga rana.

Wajen kiran suna, in ya zo kan na Alhaji sai ya yi shiru ya sunkuyar da kai. Daga lungu sai a ji gyaran murya. Ya sa alama ya wuce. In Alhaji yana da tambaya, Hajiya Rabi ce a ɗaya gefen yadin, ita yake raɗa wa, ita kuma ta ƙara nata gishirin.

"Malam, Amarya ta ce ka yi sauri da yawa, ba gudun fanfalaƙi muke ba."

"A ba ta haƙuri, Hajiya. A'a, a ba shi. A ba su haƙuri." Aji ya kwashe da dariya.

Ranar da abin ya yi tsami ita ce ranar da aka dawo da sakamakon gwajin tsakiyar zango. Malam ya raba wa kowa takardarsa, ta rage guda a hannunsa. Ya taka har lungu ba takalmi, ya durƙusa a gaban yadin, ya tura takardar ta ƙasa da hannu biyu. Ni ban iya karatu ba, amma na san jan biro in na gan shi, kuma takardar nan kamar an yanka kaza a kanta. Alhaji ya faɗi gwajin.

Har masu tumbi suka daina motsa kujera. Malam bai tashi ba. Ya ce da yadin, "In an yarda, akwai yadda za a duba a sake..."

Ba a bi ta Hajiya Rabi ba wannan karon. Muryar Alhaji ce ta fito, a sarari.

"Malam, a nan ba ka da uba. Ɗalibi gare ka, kuma daƙiƙi ne. Ka koya masa, kada ka yi masa sadaka."

Tun da aka ɗaura auren, in ji Hajiya, ba a taɓa jin ya yi wa yaron magana mai tsawon haka ba.

Daga nan kullum in an tashi, Malam ya kan tsaya. Ya ja kujera ya zauna ya ba wa lungu baya, ya fuskanci allo, ya sake darasin daga farko kamar mai magana da bango. Ni ina shara ina jin su. Wata rana har na ji ya ce, "Ba haka ba ne, a sake," da ƙarfi, sannan ya toshe bakinsa da hannu. Daga lungu aka ce, "To, Malam." Aka sake.

Jarrabawar ƙarshe Alhaji ya ci, amma da kyar, irin cin da in an hura masa iska zai faɗi. Hajiya Rabi ta ce Binta, da labari ya isa gare ta, ta rasa wa za ta yi wa fushi: uban da ya ɓoye mata makaranta ko mijin da bai yi masa ƙarin maki ba. Takarda ta fito, aka ba Alhaji darakta, ya ɗan zauna a kujerar kafin ritaya. Ba da daɗewa ba aka rufe cibiyar, aka mayar da ni nan inda kuka same ni.

Abin da na koya a aikin nan shi ne, manyan nan da kuke gani suna shigowa da babbar riga, kowannensu akwai wanda yake jin kunya, kuma rabin aikinmu sanin inda za a ajiye kujerar mutum ne don ya iya cewa bai gane ba. In ya samu wurin faɗar haka, zai koya, ko da furfura.

Bayan ya yi ritaya na je Miga gaisuwar wata rasuwa, na biya na gaishe shi. Yana zaune a zaure, muka taɓa zancen da. Ya girgiza kai.

"Iya, malamin nan namu na lissafi mugu ne. Bai san girman kowa ba. Amma ya iya koyarwa."

Na ce, "Alhaji, surukin naka fa?"

Ya ce, "Wa, mijin Binta? Ai wannan yaron kirki ne. Ko ɗaga ido ba ya yi."